Na Bi Sawun Kifin Shitonmu Har Axim

Tun ina 'yar shekara tara nake daka kifi. Mma, mahaifiyata, tana da teburin waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo cikin Kumasi, kuma aikina duk Laraba da Asabar shi ne in zauna gaban turmi in ɓalle kawunan amane, wani kifin teku da ake bandawa, in daka shi da jatan lande har ya zama gari, ita kuma ta soya albasa da citta da barkono ta juye, ya zama shito, miyar barkonon da ake ci da waakye. Duk wanda ya tashi a zango ya san ƙarfin shito a kifi yake, barkono rakiya ya yi. Yau Mma ta ajiye ludayi, ni na gaji tukunyar. Ina zuba shito a kwalabe ina kai wa shaguna a Asawase da Alabar, da iyayen da 'ya'yansu ke makarantar kwana. Shekara ashirin da ɗoriya hannuna na ƙamshin banda, amma ban taɓa tsayawa inda ake sauke kifin nan ba sai wannan karo.

Faɗa ne ya kai ni. A watan Yuni na shiga kasuwa sari, aka faɗa mini kuɗin kwandon amane, na ji kamar an mare ni, har na yi wa mai kifin faɗa. Ga tsada, ga kifin ƙanana, wasu ba su wuce tsawon yatsana ba. Na dawo gida ina sababi, ina cewa matan kasuwa haɗa baki suka yi. Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana kan tabarma tana jan carbi. Ita ta fi shekara talatin tana saro banda daga gaɓar yamma tana kawowa Kumasi. Sai da na gama tas ta ce, "'Yata, ruwa ba ya tsami banza. In Allah ya kai mu Agusta ki ɗaura kayanki ki bi ni. Ki ga inda abin yake fitowa, sannan ki dawo ki zagi wanda ya cancanta."

Motar dare muka hau zuwa Takoradi, da asuba muka canja wata zuwa Axim. Daga Agona Nkwanta hanya ta shige cikin gonakin roba da na kwakwar manja, layi-layi, duhun ganye ko da rana. Axim na cikin yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Ghana, kuma ƙasar ta nuna: komai kore shar, bango ma ya yi gansakuka. Da muka gangaro gari sai ga teku. A kan tudu ga tsohuwar ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1515, fara, tana kallon ruwa, can gaba kuma ga ɗan tsibiri mai hasumiyar fitila. Ni dai idona ba a kansu ya tsaya ba. Kwale-kwale na gani, ɗaruruwa, kowanne da tutoci da fenti da rubutu a jikinsa, wani ayar Baibul, wani sunan ƙungiyar ƙwallo, wani kuma addu'a kawai.

Mai masaukinmu wata dattijuwa ce Bafante, Gwaggo tana ce mata Maame, ita kuma tana ce wa Gwaggo Hajiya. Da Twi suke magana, Maame na karkata shi zuwa Fante, suna fahimtar juna sarai. Suna rungumar juna na gane wannan ba ciniki kaɗai ba ne. Maame ta je Kumasi bikin ɗiyar Gwaggo, Gwaggo ta zo nan ta'aziyyar mijin Maame. Tsakaninsu babu takarda ko ɗaya. Maame na loda kwanduna a mota ta kira waya ta faɗi adadi, Gwaggo ta sayar, bayan mako ɗaya ko biyu ta tura kuɗi ta waya. Kafin zuwan waya, direba ake ba kuɗin a ƙulle cikin ɗankwali. Na tuna labarin da Kaka yake ba mu na fataucin goro, yadda mutum zai ba da kaya na dukiya mai yawa a kan kalmar baki, a tafi da su arewa, a dawo da kuɗinsa cif. Ashe abin bai mutu ba, yana nan a kwandon kifi.

Washegari tun kafin rana ta fito muka sauka bakin ruwa. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rairayin nan da na ɗauka hayaniya ce kawai, ashe gari ne mai sarauta. Akwai sarkin masunta, suna ce masa Apofohene, da dattawansa. Akwai sarauniyar masu kifi, Konkohemaa. Da kwale-kwalen farko ya iso, ba wanda ya taɓa kifin sai da ita da manyan mata suka tsaya da masu jirgin aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin daro ɗaya. Abin da aka yanke shi ne farashin safiyar, sai in kifi ya yi yawa daga baya a sauko, ko ya yi ƙaranci a hau. Mata suna shiga ruwa har ƙugu da manyan darurruka na alminiyam a ka, samari suna jan igiya suna waƙa, yara suna tsintar abin da ya faɗi, kuma ba mai korar su. Tsofaffin masunta da ƙarfinsu ya ƙare suna zaune a inuwa, duk jirgin da ya sauke sai an ɗebi ɗan wani abu an miƙa musu.

Na tambayi Maame su waye masu garin. Ta ce ƙasa ta ƙabilun Nzema ce da Evalue, amma da yawa daga masu shiga teku Fante ne, kakanninsu sun zo daga wajen Elmina, Moree, Komenda da Shama, suna bin kifi har suka zauna. Can yamma kuma akwai Ewe masu jan taru daga tudu. Baƙi ne, suna da shugabansu, shugaban nasu kuma yana gaishe da sarkin ƙasa, yana kai masa gaisuwa lokacin bikin Kundum. Ban ce komai ba, amma a raina na ce, ai wannan zango ne. Haka kakanninmu suka zo Kumasi, aka ba su wuri, suka naɗa Sarkin Zango, yana sasanta nasa mutane, yana kai gaisuwa Manhyia, fadar Sarkin Asante.

Na ga shari'arsu da idona. Jirage biyu tarunsu ya sarƙe cikin dare, ɗaya ya yanke na ɗaya don ya tsira da nasa. Aka zauna a rumfar sarkin masunta, kowane shugaban jirgi, wanda suke kira bosun, ya faɗi nasa. Aka tambayi wa ya fara zuba taru, ina iska ta nufa, ina ruwa yake ja. Ni ban gane rabin maganar ba, amma kafin azahar an yanke: wanda ya yanka zai biya zaren gyara, yaransa kuma su zauna su taya ɗinki. Ba ɗan sanda, ba lauya. Akwai abubuwan al'adarsu da ba namu ba ne, zuba giya a ƙasa, rantsuwa da teku, ni Musulma ce, na ja gefe. Amma adalcin da na gani a rumfar nan na yaba, kuma zan faɗa ko'ina.

Kwale-kwalen kansa daga wajenmu yake zuwa, wannan ma ban sani ba. Teku ba ta da itacen da za a sassaƙa jirgi. Daga dazuzzukan Asante da Ahafo da arewacin yankin yamma ake sare katon icen da ake kira wawa da Twi, a fafe shi tun a daji, a ɗora a babbar mota a kawo gaɓa, kafintoci su ƙara masa katako a gefe su ɗaga shi. Sau nawa na ga irin motocin nan suna wucewa da dogon gungume fafaffe ban san ina za su ba. Yanzu manyan itatuwan sun yi wuya, jirgi ya yi tsada. Ga injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, ga taru wanda shi ma dukiya ne. Babban jirgi na ɗaukar mutum goma sha biyar zuwa ashirin. In sun dawo, a fara cire kuɗin mai da abinci, saura a raba biyu, rabi na mai jirgi da inji da taru, rabi na ma'aikata. In ba a kamo komai ba, bashin mai yana nan yana jiran fita ta gaba.

To wa ke ba da kuɗin man? Mata. Nan ne na gane inda ƙarfin garin yake. Maame ita ke saya wa jirage biyu mai, wani lokaci har ta biya gyaran inji, sharaɗin kuwa in sun dawo ita za a fara sayar wa. Namiji ne ke shiga ruwa, amma jarin na mace ne. Man da suke amfani da shi, firimis, gwamnati ce ke rage masa kuɗi, ana haɗa fetur da baƙin mai a sa masa launi, kwamitin bakin ruwa ne ke sayarwa, kuma wani kaso na ribar na ayyukan gari ne. Kwana biyu cikin kwanakin da na yi jarkoki na jere a layi babu mai. Wasu suka sayi fetur na gidan mai da tsada suka haɗa da kansu, wasu suka kwana a tudu. A tsakiyar lokacin kifi ke nan.

Don Agusta ita ce kakarsu. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama da abincin kifi, amane ya taru ya yi ƙiba ya zuba ƙwai. Sanyin nan da muke ji a Kumasi a watan Agusta, da hadarin da ba ya zubar da ruwa, duk tafiyarsu ɗaya. Maame ta ce a ƙuruciyarta in Agusta ta kama ba a barci, kifi har ya fi ƙarfin murhu, a haƙa rami a binne saura. A unguwarsu na ƙirga murahu goma sha ɗaya a jere, huɗu ne kawai ke hayaƙi.

Murhun nan shi ake kira Chorkor, sunan unguwar masunta ta Accra inda aka fara shi a 1969, matan unguwar tare da masana abinci na gwamnati da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu, a jera masa faifan waya masu bakin katako, ɗaya kan ɗaya har goma ko fiye, wuta a ƙasa. Na zauna na taya su jera kifi yini guda. Kafin la'asar idanuna sun yi ja, hawaye na zuba, ƙirjina ya yi nauyi. Su kuwa shekara da shekaru suke ciki, da goyo a baya. Idon Maame ɗaya ya riga ya yi hazo. Akwai sabon murhu mai suna Ahotor wanda hayaƙinsa bai kai haka ba, itace ma kaɗan yake ci, na ga guda biyu a garin. Na ce don me ba kowa ya koma shi ba? Ta ce gina shi da tsada, kuma ba ya ɗaukar kifi da sauri kamar tsohon, ranar da kifi ya zo da yawa ba a jira. Ta ƙara da cewa, "Kuma ku mutanen Kumasi baƙin kifi mai ƙamshin hayaƙi kuke so, in na kawo mai haske sai ku ce bai gasu ba." Gaskiya ta faɗa. Ni kaina haka nake zaɓa.

Ranar Talata ba a shiga teku, a Axim da yawancin garuruwan gaɓar. Su suna da dalilinsu na gargajiya, amma amfaninsa a fili yake: ruwa ya huta, mutane su huta, a ɗinke taru, a yi zaman sulhu. A ranar ne na samu wani tsohon bosun, ƙanin mijin Maame, yana ɗinki da ƙafarsa riƙe da zare. Na gaishe shi da Papa, na tambaye shi ina kifi ya tafi. Bai ɗago kai ba ya fara lissafi.

Na farko manyan jiragen tirola masu jan taru a ƙasan teku. Lasisinsu na kifin ƙasa ne, amma sun daɗe suna kwashe amane da 'ya'yansa, abincin masu kwale-kwale. Su daskarar da shi fale-fale kamar allo, a sayar wa wasu jirage na musamman a tsakiyar teku, a kawo tudu. Shi ake kira saiko, a da Elmina ce cibiyarsa. Wani bincike ya ƙiyasta kifin saiko na shekarar 2017 kaɗai ya kai tan 100,000. Tutar Ghana ce a kan jiragen, amma an sha bayyana cewa yawancinsu masu su na asali kamfanonin ƙasar Sin ne. Tarayyar Turai ta ba Ghana katin gargaɗi kan kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021. Amane da ake kamawa sama da tan 100,000 a shekara a shekarun 1990, zuwa 2016 ya faɗo ƙasa da tan 30,000. A ƙasar da kusan kashi 60 cikin ɗari na naman da muke ci kifi ne, kuma kwale-kwale kimanin 12,000 ke neman abinci a gaɓar da ba ta wuce kilomita 550 ba.

Na biyu, ya ce, mu da kanmu. Nan ya ajiye allura. Ana fita da janareto da manyan fitilu a zura cikin ruwa da dare, kifi ya taru babba da yaro, a kewaye shi. Wasu na jefa nakiya, wasu na zuba magani. Ga taru na roba mai ƙananan idanu da ba ya barin komai ya wuce. Duk doka ta hana, kowa ya sani. Ya ce, "Amma in na bar fitila maƙwabcina bai bari ba, shi zai dawo da kifi, yarana su koma jirginsa. Da, in sarkin masunta ya hana abu, ya hanu. Yanzu in ya kama mutum sai waya ta zo daga sama." Bai faɗi sunan kowa ba, ni ma ban tambaya ba.

Sai man fetur. An gano rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙa a Disambar 2010, can cikin teku daura da wannan yankin. An kewaye jirgin haƙar da tazarar mita 500 da ba a yarda masunci ya shiga ba, saboda haɗari. Fitilun jirgin kuwa ba sa mutuwa, kifi na taruwa ƙarƙashinsu, masunci na hango shi ba halin taɓawa. Ga kuma wata ciyawar teku ja-ja da ta fara mamaye gaɓar tun wajen 2011, ta cika taru, ta ruɓe a rairayi tana wari. Na gan ta tuli-tuli.

Game da rufe teku kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2019 aka fara hana masu kwale-kwale fita na wata guda don kifi ya samu zuba ƙwai, daga 2021 aka mayar da hutun watan Yuli, sai a 2025 aka cire su daga ciki aka bar wa manyan jirage. A shekarar ce kuma aka yi sabuwar dokar da ta faɗaɗa ruwan da aka keɓe wa ƙananan masunta daga mil 6 zuwa mil 12 na teku daga gaɓa. Maame ta ji daɗin cire su, ta ce wata guda babu ko sisi ga gidan da ke ci daga hannu zuwa baki ba wasa ba ne, buhun shinkafar da ake rabawa kuma ba ya kai ko'ina. Papa ya ce shi da za a tsare tirola da fitila da gaske, ko wata biyu zai haƙura. Ni da na fasa cikin amane na ga ƙwai cike, zuciyata ta fi karkata ga Papa. Amma ba ni ce zan kwana da yunwa a Yuli ba, don haka ban ɗaga murya ba.

Ranar Juma'a Gwaggo ta ce mu je wani wuri. Muka tsallaka kogin Ankobra. Ruwan ya koma kalar koko saboda galamse, haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ake yi can sama, kuma haka yake kwarara cikin teku, laka ta yi nisa cikin shuɗin ruwa. A bakin kogin ne itatuwan fadama suke, inda ƙananan kifi ke girma, kuma su ne ake sarewa a yi banda da su. Muka wuce Esiama, ga hanyar Nkroful inda aka haifi Kwame Nkrumah, gaba kuma Atuabo inda matatar gas take, da Eikwe mai asibitin mishan da matan yankin ke zuwa haihuwa. Mu Kamgbunli muka nufa. Garin Nzema ne, amma na Musulmi, masu noman shinkafa, har da sakandaren Musulunci mai sunan Usman bin Affan. Ban taɓa zaton zan ji kiran salla haka a tsakiyar kwakwa da fadama ba. Bayan an idar wata tsohuwa ta ji muna Hausa, ta riƙe hannun Gwaggo ta ce "Sannu da zuwa" da harshenta mai nauyi, ta ja mu gidanta ta zuba mana shinkafar gonarta da miyar kifi.

A hanyar dawowa na lura da kututturan kwakwa tsaye babu kai, kamar turakun waya. Wata cuta ce da ta daɗe tana cin kwakwar gaɓar Ghana. Wanda teku ta hana shi, da sai ya koma ga kwakwa; yanzu samari da yawa galamse suke tafiya, wasu su bi jirage zuwa Kodebuwa da Laberiya. Ɗan Maame na biyu yana can, shekara uku ke nan.

Daren ƙarshe Maame ta zaunar da ni ta baje kifi a faranti, ta koya mini abin da shekara ashirin na daka ban sani ba. Ta ware ɗan ƙaramin kifin da ake ce wa Keta school boys, ta ce wannan haka Allah ya yi shi, ba ya wuce haka, ki saya ki daka ba laifi. Ta ɗauko wani mai kama da shi ta nuna mini faɗin cikinsa da ɓawonsa, ta ce wannan jaririn amane ne, bai taɓa zuba ƙwai ba. Sannan ta murza wani tsakanin yatsu ya ruguje, ta ce kifin da aka kama da magani ko nakiya haka yake, ba ya riƙe jikinsa a wuta, ba ya daɗewa a kwando. Na tuna sau nawa na zaɓi jariran nan da kaina saboda sun fi araha kuma sun fi saurin dakuwa. Jikina ya yi sanyi.

Kwando shida Gwaggo ta samu, inda da takan loda ashirin. Biyu daga ciki rabona ne. Aka lulluɓe su da takardar siminti aka ɗaure da tsohon taru, Maame ta shafa wa kowanne jan fenti a gefe don kada su ɓace a tashar Takoradi. Da na dawo na je wurin matar da na yi wa faɗa a kasuwa na ba ta haƙuri, na ƙara kuɗin kwalbar shito, na kuma daina sayen jarirai, duk da cewa shaguna biyu sun rage abin da suke karɓa. Jiya da magariba Maame ta kira Gwaggo, ina kusa ina soya albasa. Ta ce mai ya iso, jiragenta biyu sun fita tun la'asar, a taya su da addu'a.